Zazzaɓin da ba a jira da shi

'Yan uwa, kun san ni da ƙorafi kan likitan unguwa a nan Ingila. Ka buga waya ƙarfe takwas na safe, ka bushe a layi, matar da ke kan tebur ta titsiye ka da tambaya sai ka ce ita ce likitar, ƙarshe a ce ka sha farasitamol. Har gobe ina kan bakana. Amma ranar da na raka wani aminina na ga wani abu dabam.

Ana yi masa maganin ciwon daji, irin na ƙarin ruwa, ga shi yana son zuwa gida gaida mahaifiyarsa. Neman shawarar tafiya kawai ya kai mu wurin likitan unguwar. Nas ta ce allurar rigakafin cutar shawara ba tasa ba ce, don ƙwayar da ke cikinta rayayya ce, garkuwar jikinsa kuma ta yi ƙasa. Tana cikin bayanin ƙwayoyin kariya daga maleriya sai ta lura yana rawar ɗari. Ta auna zafin jikinsa, digiri 38 da ɗoriya. Nan take maganar tafiya ta mutu. Likita ya baro mai ganinsa, aka kira motar asibiti, kuma bai yi awa guda da isa ba aka fara ɗura masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya.

Maganin dajin yana karya fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, musamman kwana 7 zuwa 14 bayan an karɓa, don haka cutar da ni zan kwana da ita in tashi, shi tana iya kai shi kushewa cikin sa'o'i. Har kati suke ba irinsu, mai lambar da ake kira dare da rana. Haka ga mai ciwon daji, ciwon baya mai tafe da raunin ƙafa ko kasa riƙe fitsari: cikin awa 24 ake ɗaukar hoton cikin jiki na MRI, kada ƙari ya danne laka mutum ya shanye.

Mu fa? Kowane zazzaɓi maleriya ne, a aika yaro kemis, a jira jibi. Ciwon dajin ma ɓoye shi muke yi, mai ba da maganin bai ma san da wa yake magana ba. Wallahi abin yana ci mini rai.

Sai dai ɗakin jinyar da aka kwantar da aminin nawa shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Lokacin ziyara na cika aka sallame ni, ya kwana babu ɗan uwa ko ɗaya da zai ce masa sannu.