Na kai takardar girka manhaja wajen mai gyaran rubutu, ga yadda muka kwashe

Shagon gyaran kwamfuta gare ni a garin Tawa na Nijar, da yara huɗu masu koyon aiki. Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, yawancin abin da ake kawo mana tsofaffin kwamfutoci ne da ba su da TPM 2.0, ƴar na'urar tsaron da Windows 11 ke nema. In mai kaya ya yarda, Ubuntu ko Linux Mint muke sa mashi a madadin Windows, duka biyun nau'in Linux ne. Da Rufus, wata ƴar manhaja ta kyauta da Pete Batard ya fito da ita a 2011, muke haɗa kile (USB) ɗin girkawa. A kwamfutocinmu da Faransanci take buɗewa, yaran nan kuwa biyu daga cikinsu a firamare suka tsaya. Shi ya sa na zauna na rubuta masu takarda da Hausa, shafi 14, tun daga sauko da fayil ɗin ISO mai ɗauke da manhajar da za a girka har kunnawar farko.

A waya na rubuta ta, da dare, ba ƙugiya ko ɗaya. A ganina duk Bahaushe ya san in ya ga "kara" ko "dauke" me ake nufi.

A shafi na biyar akwai inda Rufus ke gargaɗi kafin ya fara aiki. Abin da na rubuta shi ne: "Kwamfuta za ta tambaye ka. Danna OK yana bata duk abin da ke cikin kile." Ni ɓatawa nake nufi. Ƙaramin yarona ya karanta "yana ba ta", wato yana miƙa wa kwamfutar kayan da ke ciki ta ajiye. Ranar kile ɗin shago yana hannun wani, sai ya ari na matar da ta kawo gyara, ya danna OK da kwanciyar hankali. Hotunan sunan ɗanta ne a ciki. Mun ceto wasu, saura sun tafi. Da na tashi yi mashi faɗa sai ya ɗauko takardar ya ɗora yatsa a kan layin ya ce, "Maigida, ga abin da ka rubuta." Bakina ya mutu.

Wani abokina ya haɗa ni da wani dattijo, tsohon malami da ya koyar a makarantun gwaji masu fara karatu da harshen gida, irin waɗanda aka soma a Damagaram a 1973. Yanzu ya yi ritaya, yana gyara wa ɗalibai da ƙungiyoyi rubutun Hausa da na Faransanci, ana biyansa. Tun da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, ya ce aiki ya fi ƙarfinsa. Mun yi ciniki a kan jika goma, ya ce in dawo bayan mako guda. Kwana 19 ya yi. Wannan shi ne ƙorafina na farko, kuma ban ɓoye mashi ba.

Amma da takardar ta dawo na ga inda kwanakin suka tafi. Ba ya aiki a kwamfuta. Sai an buga mashi a takarda, ya bi ta da jan bik. Shafi na biyar kamar an yanka kaza a kai. Ya sa wa "ɓata" ƙugiyarta, sannan ya soke kalmar gaba ɗaya ya rubuta "goge" a sama. Na tambaye shi dalili, tunda ƙugiyar ta warware matsalar. Ya ce, "Ɗana, gobe wani zai kwafe wannan a wayar da ba ta da ƙugiya, ka koma gidan jiya. Inda kuskure ke jawo hasara, nemi kalmar da ba ta da tagwai." Wannan shawarar kaɗai ta ci jika goman.

Ya raba mini kalmomin da na saba liƙewa: "zaka" ta koma "za ka", "shine" ta koma "shi ne". Ya nuna mini bambancin "a kan" da "akan", abin da ban taɓa lura da shi ba duk da kullum ina faɗinsu daidai da baki. "A kan kile" wuri ne, "akan goge kile" kuwa abin da aka saba yi ne. Sau tara na haɗa su a takarda ɗaya. Ya kuma kama ni ina mai da kwamfuta mace a sakin layi ɗaya, namiji a na gaba, har mai karatu ya rasa ko "shi" ɗin Rufus ne ko kile ne ko kwamfutar. Duk inda na sa 'y ya mai da ita ƴ, yadda ake rubutawa a Nijar, ya ce waccan ta Najeriya ce.

Sai maganar Adaranci. Yadda nake magana haka na rubuta: "hwara", "tahi", "shina". Ya mai da su "fara", "tafi", "yana". Da farko abin ya ɗan sosa mini rai, don shi ma Ba'adare ne, da "mi kake so" ya tarbe ni a zaure. Daga baya na sakar mashi, tunda takardar ta riga ta fara yawo a WhatsApp har Maradi da Yamai. Inda na ƙi shi ne wajen "kile". Ya so a ce "ma'ajiyar bayanai ta hannu". Na ce, "Mushe, in na aiki yaro kasuwa da wannan sunan, da jakar hannu zai dawo." Ya yi dariya ya bar mini.

Babban aibin aikin a shafuffuka uku na ƙarshe yake, kuma duk mai niyyar kai irin wannan takarda wajen mai gyara ya saurara. Bayan girkawa akwai umarnin da ake bugawa, sudo apt update. Malam ya ga layi ya fara da ƙaramin baƙi kuma ba aya a ƙarshe, sai ya gyara: babban S a farko, ɗigo a ƙarshe. A nahawu ya yi daidai. Linux kuwa yana bambanta babban baƙi da ƙarami, a wurinsa sudo da Sudo ba dangin juna ba ne, sai ya ce bai san umarnin ba. Haka ya fassara sunayen maɓallai. Inda na rubuta a danna DÉMARRER ya mai da shi "Fara", yaro ya yi ta neman "Fara" a fuskar kwamfuta bai gani ba. MBR da GPT ma, tsare-tsaren raba faifai biyu da ake zaɓa a Rufus, ya sa masu alamar tambaya a gefe, ya rubuta "a fayyace". Nan kam ya yi gaskiya, na ƙara layi biyu: GPT ga kwamfutar da ke tashi da sabon tsarin UEFI, MBR ga tsohuwa mai tsarin BIOS. Amma sauran sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya na mai da su yadda suke, na sha yini guda a kai, wuta na zuwa tana ɗaukewa.

Laifin rabi nawa ne. Ban gaya mashi akwai layukan da ba Hausa ba ne, ba kuma Faransanci ba. Mutumin da bai taɓa girka manhaja ba, ina zai san F12 a Dell da F9 a HP, maɓallan zaɓar inda kwamfuta za ta tashi, ba kuskuren bugu ba ne? Ya ma tambaye ni ko lamba ɗaya nake nufi na manta.

Ga mai tambaya ko zan koma, na riga na koma. Takarda ta biyu a kan Ventoy ce, wadda ke barin mutum ya zuba fayilolin ISO da yawa a kile ɗaya. Wannan karon kowane umarni da sunan maɓalli na kewaye shi da akwati, na rubuta a saman shafin farko cewa abin da ke cikin akwati ba a taɓa shi. Malam ya karanta, ya ɗaga kai ya dube ni ta saman tabarau, ya zare murfin bik ɗinsa ya sa wa "taba" ɗina ƙugiya. Ya ce in dawo bayan mako guda.