Hular sanyi ta ciwon ɓarin kai: abin da na gani a wata tara

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina fama da ciwon ɓarin kai, kuma wanda yake kwantar da ni da gaske a bakin al'ada yake zuwa. Ana saura kwana ɗaya ko biyu in ga jini sai wuyana ya sanƙare, in yi ta hamma babu dalili, raina ya ɓaci ba tare da kowa ya taɓa ni ba. Kafin gari ya waye ya sauka a bayan idona na dama, yana sara tare da bugun zuciya. Ko sunkuyawa na yi in ɗauki wani abu sai na ji shi har cikin haƙori. Haske ba na iya kallonsa, ƙarar cokali a kan faranti kaɗai ta ishe ni, turaren da nake so ma tayar min da zuciya yake yi.

Yayata ce ta kawo min hular. Ta same ni a kwance a ɗaki mai duhu, na ɗaure kai da jiƙaƙƙen tawul, ruwa na ɗiga a kan matashi. Bayan mako biyu sai ga ta da ita a leda. "Ungo, ki gwada wannan, ko Allah zai sa a dace." Na ce, "Yaya, abin da ƙwaya ta kasa, hula ce za ta iya?" Na dai karɓa don kada in watsa mata ƙasa a ido.

Hula ce ta yadi mai talewa, babu igiya babu maɓalli, an cusa jel mai kauri a tsakanin yadi biyu. Tana rufe goshi da gefen kai da ƙeya, kuma ana iya jawo ta ta sauko kan ido. A firiza ake ajiye ta kamar awa biyu. Jel ɗin ba ya daskarewa ya zama dutse, yana nan da laushinsa, shi ya sa take kwanciya a kai luf, ba kamar ƙanƙara a tsumma ba da sai kin yi ta riƙo tana zamewa.

Ranar da na fara sa ta, wajen ƙarfe huɗu na dare ne, ciwon ya tashe ni daga barci. Na lallaba da bango na ɗauko ta, na zura, na jawo ta har kan karan hanci. Da farko sanyin ya gigita ni, har na kai hannu zan cire. Cikin minti biyu ko uku sai na ji saran nan ya ja da baya. Bai tafi ba, yana nan, amma kamar an rufe ƙofa a tsakanina da shi. Duhun da ta ba ni ya fi na labule, don babu ko ɗigon haske da ke shigowa, ga kuma matsin da take yi a tsakanin ido da kunne, daidai wurin da na saba dannawa da yatsa har hannuna ya gaji. A daren na samu barcin awa ɗaya da wani abu. Wadda ta san ciwon nan ta san darajar wannan awar.

Babban aibinta shi ne sanyin ba ya jimawa. Minti goma sha biyar zuwa ashirin, sai ta ɗauki zafin kai ta koma tsumma mai nauyi. Kina cirewa, ba a daɗe ba saran ya dawo inda yake, ita kuma sai ta sake awa biyu a firiza kafin ta yi amfani. Ciwon ɓarin kai in ba a tare shi ba yana ɗaukar awa 4 zuwa 72, kuma na lokacin al'ada ya fi na sauran ranaku daɗewa da tsanani da yawan dawowa bayan ya lafa. Nawa kwana biyu cur yake yi, wani watan uku. Hula ɗaya ba ta isa wannan tafiya ba. A wata na biyu na sayi ta biyu ina musanya su, sai abin ya ɗan daidaita.

Na jima ina jin haushin wannan kafin in gane cewa na ɗora mata nauyin da ba nata ba. Tushen ciwon ba a fatar kai yake ba. Sinadarin istirojin yana hawa a jikin mace a cikin wata, sannan ya faɗo ƙasa gab da zuwan jini, kuma wannan faɗowar ce ke tayar da ciwon ga wadda jikinta ke da saurin kamuwa. Wani likitan ƙwaƙwalwa na Ostiraliya, Brian Somerville, ya nuna haka tun 1972: da ya yi wa mata allurar istirojin kafin al'ada, jinin ya zo a lokacinsa amma ciwon kan ya jinkirta, sai da sinadarin ya sauka sannan ya taso. Ga kuma sinadaran da mahaifa ke saki a kwanakin farko, waɗanda ke kawo ciwon mara, su ma suna ƙara wa wutar itace. Bayan balaga mata sun ninka maza kusan sau uku a wannan ciwo. Sanyi ba shi da hanyar da zai kai ga duk wannan. Abin da yake yi shi ne ya dusashe saƙon zafi a jijiyoyin fata, ya ɗan tsuke hanyoyin jini na sama-sama. Dabara ce tsohuwa, tun 1849 wani likita a Ingila, James Arnott, ya yi rubutu kan magance ciwon kai da ƙanƙara da gishiri. Abin da hular ta ƙara shi ne sauƙin amfani, kuma ba ƙaramin abu ba ne ga wadda ko ɗaga hannu wahala yake mata.

Akwai wani abu da ba a rubuta a jikin kwalin ba. Idan ciwon ya yi nisa, fatar kaina takan yi tsami, ko gashi na taɓa sai in ji zafi, ɗan kunne ma sai na cire. In aka kai nan, matsin da nake yabo shi ne ke zama azaba. Sau biyu na fizge ta na jefar. Yanzu na san a farkon ciwo take da amfani, ko bayan ya fara sauka. A tsakiyar tsamin nan sai dai in shimfiɗa ta a ƙarƙashin ƙeya in kwanta a kai.

Sauran ƙorafin ƙanana ne. In gashi ya yi yawa sanyin ba ya ratsawa sosai, a goshi da ƙeya kawai za ki ji shi. Tana kwasar warin firiza in ba a sa ta a leda mai zif ba, kuma wari a lokacin ciwon nan amai ne kai tsaye. In ta kwana a firiza sanyinta yakan yi yawa, sai a bar ta minti biyar a waje ko a sa siririn ƙyalle a ƙasa, don sanyi mai tsanani yana ƙona fata.

Darajarta ta gaskiya ban gane ta ba sai da na zauna da likita. Ta sa na riƙa rubuta ranar da ciwo ya fara da ranar da jini ya zo, har wata uku. Da na kai mata takardar ta duba ta ce, "Malama, kin ga dukkansu a layi ɗaya suke." Ƙa'idar da likitocin ciwon kai ke bi ita ce ciwon ya zo tsakanin kwana biyu kafin jini zuwa kwana na uku da farawarsa, a wata biyu cikin uku. Nawa uku cikin uku ne. Ta rubuta min sumatiriftan, ta ce in sha da zarar na ji alamar farko, kada in tsaya jiran ko zai wuce, domin in ciwon ya kankama ciki yakan yi nauyi, ƙwayar ba ta narkewa ta shiga jini da wuri. Ta ƙara da nafroksin da zan fara ana saura kwana biyu, na 'yan kwanaki kawai, kuma ba da cikin wofi ba. Sai da ta auna jinina ta tambaye ni ciwon zuciya da gyambon ciki kafin ta ba ni ko ɗaya, don na farkon bai dace da mai ciwon zuciya ko hawan jinin da ba a shawo kansa ba, na biyun kuma yana taɓa ciki.

Sumatiriftan yana min aiki, amma ba ya daɗewa a jiki, cikin awa biyu rabinsa ya fita. Shi ya sa sau da yawa ciwon kan dawo washegari. Nan ne haɗarin yake. Wadda ke shan irin wannan ƙwaya kwana 10 ko fiye a wata, ko farasitamol da danginsa kwana 15 ko fiye, har abin ya wuce wata uku, maganin da kansa yakan koma haddasa ciwon kai na kullum. Da na duba takardata na ga na kusa wannan iyaka ban sani ba, don duk ɗan nauyin kai da na ji bayan babban ciwon sai in haɗiyi wani abu saboda tsoro. Hular ce ta raba ni da wannan. Raguwar ciwon nan na kwana na uku da na huɗu, wanda bai kai a sha masa ƙwaya ba amma ya hana sukuni, yanzu da ita nake tare shi. Haka kuma minti arba'in ɗin nan da nake jira kafin ƙwaya ta kama, wanda a da nake yinsa ina juyi a gado, yanzu a ƙarƙashinta nake yinsa. Kwanakin shan magani sun ragu min zuwa huɗu ko biyar a wata.

Saboda haka nake ganin ta cancanci saye, in dai an san matsayinta. Abin da nake tsoro shi ne mace ta saye ta ta ɗauka ta gama da asibiti. Musamman wadda ke ganin walƙiya ko zane-zane masu ƙyalli a ido kafin ciwon ya sauka, ko gefen fuskarta ya yi sanyi ya mutu na ɗan lokaci: lallai ta faɗa wa likita, domin ƙwayar tazarar haihuwa mai istirojin ba ta dace da ita ba, tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Ciwon kan da ya faɗo lokaci guda da tsananin da ba a taɓa ji ba, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarar wuya, ko harshe ya karye, wannan ba na hula ba ne, asibiti za a nufa nan take.

Ta farkon da Yaya ta kawo min ta fara gajiya a wata na bakwai. Jel ɗin ya taru a ƙeya ya bar goshi fayau, yadin ya saki, ba ta matsewa kamar da. Ta biyun, wadda aka ɗinke jel ɗinta gida-gida, har yanzu tana nan daram, don haka irinta zan nema in maye gurbin waccan, mai faɗin da zai sauko ya rufe ido, kuma baƙa. A lissafina saura kwana biyar, tun jiya na wanke su da ɗan sabulu marar ƙamshi, na shanya, na sa kowacce a ledarta na mayar firiza.