Sharhi kan maganin cire danƙon sitika daga fentin mota

Duk wanda ya taɓa ɓare tsohuwar sitika daga jikin mota ya san cewa takardar takan fita ta bar gam ɗinta a liƙe, ƙura ta hau kansa har ya koma baƙi ƙirin. Domin wannan matsalar na sayi maganin feshi da aka yi musamman don jikin mota, irin wanda ke ɗauke da sinadarin d-limonene, wato man da ake tatsa daga ɓawon lemon zaƙi. Na gwada shi a kan sitikar dillali da ta daɗe a murfin but, da kuma ragowar tef mai gam fuska biyu da aka liƙa wani ado da shi a ƙofa.

Abin da ya hana ni ɗaukar tina (sinadarin tsinka fenti) ko asiton (na goge jan farce), duk da cewa sun fi saurin cin gam, shi ne yadda fentin motar zamani yake. Hawa-hawa ake fesa shi: na share fage a ƙasa, sai launi, sannan wani ruwa garai-garai a sama wanda shi ne ke ba da sheƙi kuma yake kare launin daga rana. Kaurin wannan na saman yawanci maikiron 40 zuwa 50 ne, wato kusan rabin kaurin takardar rubutu, kuma sinadari mai kaifi yana iya dusashe shi ko ya tausasa shi cikin ɗan lokaci. Maganin lemon bai da wannan kaifin, shi ya sa yake bukatar a ba shi lokaci ya jiƙa gam ɗin.

A kan sitikar, aikinsa ya gamsar da ni. Na fara wanke wurin da sabulun mota, domin yashin da ke maƙale a danƙo shi ne ke ƙarce fenti idan aka goga, sannan na ɗiga maganin kaɗan a cikin bakin ƙofa inda ido ba ya kaiwa don in ga ko launi zai canza. Bayan na ɗumama wurin da na'urar busar da gashi, a inuwa, sai na fesa na bar shi 'yan mintoci. A hankali baƙin danƙon ya kumbura, ya yi laushi, ya fara naɗewa a bakin tsohon katin roba da nake turawa a kwance, ba tare da na danna ba. Abin da ya rage na share shi da tsumman maikirofaiba, ina juya shi zuwa gefe mai tsabta a kowace shafa, saboda gefen da ya riga ya ɗauki gam mayar da shi yake yi. Inda bai fita ba na sake fesawa na jira, wanda a ganina ya fi dirzawa amfani nesa ba kusa ba.

Tef mai fuska biyu kuwa labarinsa daban ne. Soson da ke tsakiyarsa yana hana maganin kaiwa ga gam ɗin da ke manne da fenti, don haka sai da na murje soson da babban yatsa tukuna maganin ya yi tasiri. Mai irin wannan aiki da yawa gara ya nemi tayar roba da ake ɗaurawa a injin huda, wadda masu gyaran jikin mota ke amfani da ita, sai dai ba a barinta a wuri ɗaya domin zafinta yana ƙona fenti.

Akwai abubuwan da ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya fesa. Maganin yana barin maiƙo, kuma yana tafiya da kakin da aka shafa wa mota don sheƙi da kariya; da na zuba ruwa, sai na ga ya shimfiɗe a wurin maimakon ya dunƙule ɗigo-ɗigo kamar yadda yake yi a sauran jikin. Dole a sake wankewa a shafa sabon kaki. Na kuma kiyaye shi daga baƙar robar bamba da gilashin fitila, wanda a motocin yanzu roba ce da sinadarai kan ɓata. Motar da aka yi wa sabon fenti, masu fenti kan ce a jira kwana 30 zuwa 90 ya gama bushewa, kuma fenti maras sheƙi ba a taɓa shi sai da maganin da aka yi dominsa.

Bayan danƙon ya fita, siffar sitikar ta ci gaba da bayyana, saboda fentin da ke ƙarƙashinta bai sha rana ba kamar na kewaye. Wannan ba aikin maganin cire gam ba ne. Folish mai laushi ne ya rage bambancin, kuma a jar mota da ta daɗe a rana ba lallai ya ɓace gaba ɗaya ba.