Gargaɗi ga mai son barin taba: damfarar "cikakken saiti" na sigarin lantarki

Akwai wata talla da ke yawo a Facebook da TikTok da sitatus na WhatsApp wadda aka ɗana wa mutum ɗaya: wanda sigari ta ishe shi, tari ya hana shi barci, iyali sun yi magana har sun gaji. Za a nuna masa kwali mai ƙyalli a ce cikakken saiti ne na sigarin lantarki, abin da matasa ke kira vape ko shisha fen. Wai daga Landan aka kawo shi, zuƙa 15,000 ne a ciki, kwana bakwai ka manta da taba, kuma saura guda biyar kacal a rabin farashi. Babu gaɓa ɗaya a wannan zance da za ta tsaya idan aka auna ta, sai dai mai saye bai san ma'aunin ba, kuma da wannan rashin sanin ake cin kasuwar.

Damfara mafi sauƙi ita ce wadda babu kaya sam. Ka tura kuɗi, a ce an sa a mota. Washegari wani ya kira ka da sunan direba ya ce kaya na tasha, sai ka ƙara kuɗin sauke. Bayan shi wani ya ce jami'ai sun riƙe buhun a hanya. Kowace buƙata ba ta kai wadda ta gabace ta ba, don ka ga bai kamata ka yi asarar babba saboda ƙarama ba. Daga nan lamba ta mutu. Alamominta sanannu ne: sunan asusun da aka ba ka daban da sunan shagon, shafin bai fi 'yan makonni da buɗewa ba, an kulle wurin sharhi, kuma ba a yarda da biya bayan karɓar kaya ba. Ka ce ya ɗauki bidiyon kwalin tare da takardar da aka rubuta sunanka da ranar yau. Wanda hotunan intanet kawai ya mallaka zai fara kame-kame. Wata ƙanwarta ita ce "gwaji kyauta, kuɗin aike kawai za ka biya", inda ake karɓar lambobin katinka na banki a riƙa cirewa duk wata. Ba a ba kowa lambobi ukun bayan kati, balle lambar sirrin da banki ya turo maka ta saƙo.

Wannan kuɗi kawai take ci. Wadda ta fi muni ita ce wadda kayan suka iso.

Na'urar ba wani sihiri ba ce. Batir ne, da 'yar waya mai ɗaukar zafi da ake kira kwayil, an naɗe ta da auduga, da ƙaramin tanki na ruwa. Ruwan kuwa haɗin abu huɗu ne: wanda ake rubutawa PG, da VG wato gilisarin na tsirrai, da ɗanɗano, da nikotin. Kwayil ya yi zafi, ruwan da auduga ta tsotso ya zama tururi. Kusan duka masana'antun suna birnin Shenzhen na ƙasar Sin, na kirkin da na jabun, don haka ganin sunan Sin a kwali ba laifi ba ne. Wanda ya rantse maka cewa nasa ƙirar Ingila ce, shi ne abin tuhuma.

A Tarayyar Turai da Birtaniya doka ta ƙayyade tun 2016 cewa nikotin kada ya wuce miligiram 20 a kowace mililita, tanki kada ya wuce mililita 2, kwalbar ƙari mai nikotin kada ta wuce mililita 10. Miligiram 20 ɗin shi ake rubutawa 2% a kwali. Idan ka ga 5%, miligiram 50 ke nan, ninki biyu da rabi na abin da dokarsu ta yarda. Irin wannan ana sayar da shi a Amurka, amma kwalin da ke ɗauke da 5% kuma an ce daga shagon Landan ya fito ya ƙaryata kansa. Haka nan na yarwa, wanda ba a cajinsa ba a ƙara masa ruwa, Birtaniya ta haramta sayar da shi daga 1 ga Yuni 2025. Mai cewa sabo ne dal daga kantin can yana ba ka labarin abin da babu shi.

Lissafin zuƙa ma haka yake. Na'ura mai mililita 2 kan ba da zuƙa wajen 600, wato kusan 300 a kowace mililita. Da wannan ma'auni zuƙa 15,000 na buƙatar mililita 50, kusan cokalin shayi goma. Ka dubi abin da ke hannunka, wanda bai fi akwatin ashana girma ba, ga batir a ciki, ka tambayi kanka ina ruwan ya shiga. Ko kamfanoni na gaske suna ƙirga adadin ne da gajerun zuƙa na inji, ba irin jan tsohon mashayi ba. Adadin zuƙa ba ma'auni ba ne. Mililita nawa da miligiram nawa, su ake tambaya, kuma mai sayarwar da ya kasa amsa su bai san hajarsa ba ko yana ɓoye ta.

Zancen kwana bakwai kuwa, a wani gwaji da aka yi a Ingila aka wallafa a 2019, an raba mashaya 886 gida biyu, duka kuma ana ba su shawarar ƙwararru. Bayan shekara guda kashi 18 cikin ɗari na masu sigarin lantarki sun bar taba, a ɓangaren masu cingam da filastar nikotin kuma kusan kashi 10. Sakamako ne mai kyau, amma ka lura: da kaya na asali da taimakon ma'aikatan lafiya, huɗu cikin biyar ba su bari ba. To wane ne wannan da zai yi maka alkawarin mako guda a WhatsApp? Hukumar Lafiya ta Duniya ma har yanzu ba ta ba ƙasashe shawarar ɗaukar sa a matsayin hanyar barin taba ba, Indiya kuwa ta haramta shi baki ɗaya a 2019. Abin da za a iya faɗa da gaskiya shi ne babu ƙonewa a cikinsa, don haka babu kwalta da iskar gubar da hayaƙin sigari ke ɗauke da su. Wannan rage illa ne ga wanda ya riga ya kamu da taba. Ba magani ba ne, ba ya wanke huhu, kuma wanda bai taɓa shan taba ba da yaro ba su da abin nema a wurinsa sai jaraba. Mai ciki da mai ciwon zuciya su fara da likita.

Ruwan shi ne wurin da haɗarin ya fi taruwa, domin ido ba ya ganin abin da ke ciki. Daga 2019 zuwa farkon 2020 a Amurka wata cutar huhu ta kwantar da mutane sama da 2,800, 68 suka mutu, kuma binciken hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ya danganta ta da wani mai na sinadarin bitamin E da ake kauraro ruwan wiwi da shi a kasuwar bayan fage. A 2024 masu bincike a Jami'ar Bath sun gwada na'urori kusan 600 da aka ƙwace a makarantun Ingila, suka tarar kusan ɗaya cikin shida na ɗauke da wiwin roba, dangin abin da ake kira kolos a nan. Idan haka ta faru a inda ake sa ido, kwalbar da aka ɗura a ɗaki aka manna mata sitika fa? Ka ɗauke ta ka duba: murfin da yaro ba zai iya buɗewa ba, zoben hatimi da bai tsinke ba, jerin abin da ke ciki, ƙarfin nikotin, lambar rukuni, ranar lalacewa, sunan kamfani da adireshinsa. Idan ɗaya ya ɓace, ajiye. Akwai ɗan gwaji na gida: ɗiga ɗigo biyu a cikin ruwa a kofin gilashi ka motsa. PG da VG suna narkewa a ruwa. Idan ka ga maiƙo ya ƙi haɗuwa, an sa mai, kuma mai ba ya shiga huhu ya fita lafiya. Narkewar ba shaidar tsabta ba ce, ƙin narkewa ne hukunci. Ruwan da ya yi duhu kamar shayi mai kauri, yana yaji a maƙogwaro, nikotin ɗinsa ya daɗe a zafi da haske, wataƙila a rumfa a tsakiyar bazara.

Masu cewa nasu "na ganye ne zalla, da habbatus sauda da bitamin, babu nikotin" sun fi iya baki, domin sun san abin da kunnenmu ke so. Ɗayan biyu ne. Ko da gaske babu nikotin, ka ga ba zai kashe maka ƙishirwar taba ba, cikin kwana biyu ka koma wurin mai tebur. Ko kuma akwai shi an ɓoye, kana sha ba ka san adadi ba. Abin da ciki ke karɓa ba lallai huhu ya karɓa ba.

Wata cutar kuma da kaya na asali ake yin ta: a sayar maka da abin da bai dace da kai ba don ya fi tsada. Mai barin sigari yana buƙatar ƙaramar na'ura mai matsattsen ja, wadda ake tara tururi a baki kafin a shaƙa, kamar yadda ya saba da kara. Kwayil ɗinta om 0.8 zuwa 1.2 ko sama (om shi ne ma'aunin tirjiyar kwayil ga wuta), ƙarfin wuta wat 10 zuwa 15, ruwa rabi PG rabi VG. Mai shan kwali guda a rana kan fara da miligiram 18 zuwa 20, mai rabin kwali 10 zuwa 12, mai kara huɗu ko biyar 6 ko ƙasa, sannan a riƙa sauka sannu a hankali cikin watanni. Babbar na'ura mai turnuƙe ɗaki, mai kwayil ƙasa da om 0.5 da wat 50 zuwa sama, miligiram 3 zuwa 6 ake zuba mata. Ɗan kasuwar da ya haɗa maka ita da ruwa mai miligiram 50 ya haɗa ka da jiri, tashin zuciya, shaƙuwa, zufa da bugun zuciya. Mutum ya ɗauka jikinsa ne ya ƙi abin, ya koma taba. Akasin haka ma yana faruwa: ƙaramar na'ura da ruwa mai miligiram 3, ana ta zuƙa babu gamsuwa, a ƙarshe ana shan biyun tare, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Kwayil kuwa abu ne mai ƙarewa, mako ɗaya zuwa biyu ya ƙone. Kafin ka biya, tambayi sunan samfurinsa, ka tabbatar aƙalla shaguna biyu da ba nasa ba suna da shi. Wasu suna sayar da na'urar da arha ne don sun san kwayil ɗinta a hannunsu kaɗai yake. Idan ka sa sabo, cika tanki ka jira minti biyar zuwa goma auduga ta jiƙe, in ba haka ba zuƙar farko za ta babbake ta. Amma idan ka jira ɗin kuma ka ji ƙauri tun farko, ka leƙa auduga. Sabuwa fara ce tas. Mai launin ƙasa an riga an sha da ita, wato tsohuwa aka wanke aka mayar kwali. Ƙarce a bakin wurin caji da rashin 'yar robar toshe baki suna ƙara tabbatar da haka.

Kamfanoni irin su Vaporesso da Uwell da Geekvape suna sa lamba a jikin kwali da ake kankarewa kamar katin waya, a shigar a shafinsu. Kada ka bi hoton lambar da ake haskawa da kyamara kawai, domin masu jabu suna buga nasu da zai kai ka shafin bogi mai ce maka "na asali ne". Rubuta adireshin kamfanin da hannunka. Idan shafin ya ce an taɓa duba lambar sau da yawa, kwafinta aka yi. Lambar hukuma da aka buga a kwali ma ba hujja ba ce sai ka tabbatar a wurin hukumar cewa ta wannan kayan ce, don ɗauko lambar wani kaya a manna ba wuya.

Saura batir. Na kirki yana da kariya: yana yanke wuta idan ja ya kai daƙiƙa takwas zuwa goma, yana tsayawa idan caji ya cika. Na jabu ɗan allon da ke yin wannan kariyar ake fara cirewa don rage kuɗi. Batirin da ake cirewa mai lamba 18650, na gaskiyarsa ba ya wuce kimanin 3,500 mAh, wato ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka, nauyinsa giram 45 ko sama kaɗan. Wanda aka rubuta wa 9,900 kuma ba shi da nauyi a hannu, ƙarya ce, sau da yawa tsohon batirin kwamfuta ne aka sake wa riga. Kada a saka shi tsirara a aljihu tare da makulli ko tsabar kuɗi, kada a bar shi a mota a rana, kada a kwana ana cajinsa a kan katifa. Wanda ya kumbura, ko ledarsa ta yage, ko yana zafin da hannu ba ya jurewa, ya gama aiki.

Idan an riga an cuce ka, ka kira bankinka a ranar, ba gobe ba, ka ba su shaidar turawa da lambar asusun, domin kuɗin damfara ba ya kwana a wuri ɗaya. Ka ɗauki hoton hirar da tallar kafin a goge su. A Najeriya ana kai ƙorafi ga 'yan sanda da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. Ka kuma yi hattara da wanda zai biyo ka daga baya ya ce zai ƙwato maka kuɗin idan ka ba da wani abu, galibi su ɗin ne dai. Kwalbar da ba ka yarda da ita ba kada ka ba wani, kada ka bar ta inda yaro zai kai hannu, domin ƙamshin alewa take yi kuma kurɓi kaɗan na nikotin mai ƙarfi na iya kai ƙaramin yaro asibiti. Idan ya sha ko ya zuba a jikinsa, a wanke fatar da ruwa, kada a sa shi amai, a tafi asibiti nan take da kwalbar a hannu.