Shafin fuloraid na asibiti ko ruwan kurkure baki na kemis?

'Yar'uwa mai haƙoran da zoɓo da lemon kwalba suka fara kashewa, kin tambaya ko shafin asibiti ya fi ko ruwan kurkure baki na kemis: ki je asibiti a shafa miki banish ɗin fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori. Shi da ruwan kurkure bakin duk sun shiga gidana, ba labari na ji ba.

Banish ɗin magani ne mai danƙo da likitan haƙori ke shafawa da ɗan ƙaramin burushi. Da ya haɗu da yawu sai ya kama jikin haƙori, ya yi sa'o'i yana sakin fuloraid a hankali. Ƙarfinsa da na ruwan kurkure ma ba ɗaya ba. Irin su Duraphat na kamfanin Colgate suna ɗauke da fuloraid 22,600 a ma'aunin ppm (wato kashi nawa ne cikin miliyan), makilin ɗin da muke goge baki da shi kullum yawanci bai wuce 1,450 ba, ruwan kurkure na yau da gobe kuwa wajen 225 ne.

Babbar 'yata sana'ar zoɓo da kunun tsamiya take yi, kin san kuwa mai haɗawa ba ta rasa ɗanɗanawa. Abin ya kai ko ruwan randa ta kurɓa sai ta dafe kunci, bakin haƙoranta na gaba ya yi shara-shara kamar gilashi. Tsoron allura ya sa da ƙyar ta yarda muka je. Likita ya goge haƙoran da auduga, ya shafa, kafin in gama gyara mayafi har ya ce mu tashi. Ba allura, ba injin nan mai ƙara. Ya ce ta guji abu mai zafi ko mai tauri na wasu sa'o'i, burushi kuma sai washegari. Da azumi na ga yarinyar nan tana shan ruwan ƙanƙara ko a jikinta, ni da ita muka kalli juna muka fashe da dariya.

Ruwan kurkure kuwa, to, yana ƙamsasa baki, ba zan ce ba ya komai ba. Kin tofar, yawancinsa ya tafi. Kwalbar da na saya tana nan bisa taga da saura. Idan dole sai kin saya, duba wanda aka rubuta stannous fluoride a jikinsa, ya fi tare tsami, kuma kada ki ba yaron da bai kai shekara 6 ba, haɗiyewa zai yi.

Amma fa banish ba ya dawo da abin da ya riga ya zaizaye, taurara ragowar yake yi, ana kuma sabunta shi duk bayan wata 3 zuwa 6. Farin ɓawon haƙori yakan fara narkewa idan lambar pH, ma'aunin tsami, ta sauka ƙasa da 5.5 (ƙaramar lamba, tsami mai yawa), baƙin lemon kwalba kuwa wajen 2.5 yake. Wadda ke yini tana kurɓa kaɗan-kaɗan, ko wane shafi aka yi mata, tsamin ne zai ci galaba. Ki sha lokaci guda tare da abinci, da sitiro in da hali, ki kurkure da ruwa, ki bari a ƙalla rabin awa ta wuce kafin burushi ko aswaki, don a lokacin haƙorin yana da laushi.

Ba ki tambaya ba, amma ki kiyayi masu talla a tasha da TikTok, waɗanda ke goga wa mutum ruwa a auduga haƙori ya yi fari fat nan take. Galibi asid ne, ɓawon yake cinyewa, farin na ɗan lokaci ne, ɓarnar kuwa ta zauna. Haka masu ɗura abu a ƙananan kwalabe ba suna ba lambar NAFDAC su ce banish ne ki shafa a gida. Na gaskiya ba kayan shafawa da kai ba ne.

Ki nemi sashen haƙori na asibitin gwamnati mafi kusa. Idan kina da asma ko gyambo a baki, ko kuma ruwan garinku mai yawan fuloraid ne irin na yankin Kaltungo da Langtang, ki faɗa wa likita kafin ya shafa.