Wane fim ɗin Robin Hood ya cancanci kuɗinka da datarka?

Duk wanda ya shiga shagon masu tura finafinai ya ce a sa masa "Robin Hood" kawai, bai faɗi shekara ba, bai faɗi sunan jarumi ba, to ya ba da kansa. Abin da hannun yaron shago ya fara taɓawa shi za a loda masa. Finafinan da ke ɗauke da wannan suna suna da yawan gaske, tun daga na Douglas Fairbanks na 1922 wanda ba a magana a cikinsa, har zuwa na 'yan shekarun nan, kuma tsakanin mai kyau da marar kyau akwai tazara mai nisa.

Labarin dai tsoho ne. Tun wajen 1377 aka ambaci waƙoƙin Robin Hood a wani littafin waƙe na Ingila mai suna Piers Plowman. Maharbi ne da hukuma ke nema ruwa a jallo, ya shige dajin Sherwood da jama'arsa, yana tare masu hannu da shuni, yana wasa da hankalin hakimin Nottingham. Daga baya marubuta suka ɗora labarin a zamanin Sarki Richard, wanda ya tafi yaƙin Salibiyya ya kara da Salahuddin, ƙanensa Yarima John kuma ya zauna a gida yana tatsar talakawa. Kusan duk finafinan a kan wannan suka ginu.

Ni dai zaɓina ba ɓoyayye ba ne: Robin Hood: Prince of Thieves na 1991, wanda Kevin Reynolds ya ba da umarni, Kevin Costner ya fito a Robin. Idan fim ɗaya kawai memorinka zai ɗauka, wannan za ka sa. Ba don Costner ba. Shi kam Turawan Ingila har yau ba su daina yi masa dariya ba, domin ya fito a matsayin ɗan masu sarautar Ingila amma yana magana da harshen Amurka tsantsa. Mutum biyu ne suka riƙe fim ɗin. Na farko Alan Rickman, hakimin Nottingham, azzalumin da zai ba ka tsoro kuma ya ba ka dariya a lokaci guda. Shi ne ya yi rantsuwar zai ƙwaƙule zuciyar Robin da cokali, da aka tambaye shi me ya sa cokali, ya ce don ba shi da kaifi, zai fi zafi. Wannan rawar ce ta ba shi kyautar BAFTA, babbar lambar yabon finafinai ta Birtaniya.

Na biyu, wanda saboda shi nake maimaita kallon fim ɗin, shi ne Morgan Freeman a matsayin Azeem, Musulmin da Robin ya kuɓutar daga kurkuku a Ƙudus a 1194. Azeem ya yi alkawarin ba zai rabu da shi ba sai ya rama masa ceton rai, ya biyo shi har Ingila. Ka lura da yadda aka gina mutumin nan. Suna isa ƙasar ya ɗaga kai yana neman rana, hadari ya rufe ko'ina, ya shiga mita yana tambayar ina gabas take, yana so ya yi salla. Sojojin hakimi suka zo, Robin yana fafatawa da su shi kaɗai yana ƙwala masa kira, shi kuwa bai katse ibadarsa ba sai da ya idar. A cikin daji an miƙo masa giya, ya ce Allah ya haramta masa. Wata ƙaramar yarinya ta tsaya tana kallon fatarsa, ta tambaye shi ko Allah ne ya yi masa fenti, ya yi murmushi ya amsa mata cewa Allah yana son halitta iri-iri. Shi ne mai ilimin tawagar: ya zo da madubin hangen nesa da ya firgita Robin, shi ya haɗa albarushi a yaƙin ƙarshe, shi ya karɓi haihuwar matar Little John, na hannun daman Robin, lokacin da naƙuda ta zo da gardama, har limamin cocinsu, Tuck, wanda da farko yake ƙyamarsa, ya sauko ya nemi sulhu. Masana tarihi za su ce ba a ƙera madubin hangen nesa ba sai 1608, kuma gaskiya suka faɗa. Amma fim ɗin Hollywood na wancan lokaci da zai sa Musulmi baƙar fata ya zama mafi natsuwa da sani a cikin jama'a, ba kullum ake samunsa ba.

Yana da nasa shirmen. Robin da Azeem sun sauka a gaɓar teku ta Dover a kudu, Robin ya ce kafin dare za su isa gidan mahaifinsa, sai ga su a kan ganuwar Hadrian da ke can arewa, nesa da Nottingham. Kamar mutum ne ya taso daga Legas a ƙafa zai je Kaduna, ya bi ta Katsina, ya ce zai isa kafin magariba. Bishiyar da aka nuna a wurin, ta Sycamore Gap, ta yi suna saboda fim ɗin, har wasu mutum biyu suka je da dare suka sare ta a watan Satumba na 2023, kotu ta ɗaure su a 2025. Sai gargaɗi ga mai iyali: fim ɗin ya buɗe da sare hannu a kurkuku, akwai wata tsohuwar mayya mai tsafi da jini, kuma kusa da ƙarshe hakimi ya yi yunƙurin yi wa Marian, masoyiyar Robin, fin ƙarfi. Ba na yara ƙanana ba ne. Tsawonsa minti 143, ka riƙe wannan lambar, za ta yi maka amfani a shago.

Idan da yara za a kalla, ko da dattijon da ba ya son ganin abin kunya, The Adventures of Robin Hood na 1938 ne amsa. Errol Flynn da Olivia de Havilland, kala mai haske kamar an wanke ta jiya, minti 102 ba wani jan rai. Ya ci kyautar Oscar uku. Kibiyoyin da ka ga suna cakar mutane na gaske ne: wani gwanin baka, Howard Hill, shi yake harba su a jikin 'yan wasan da aka ɗaura wa kariya a ƙarƙashin riga. Faɗan takobin Flynn da Basil Rathbone a kan matakala, inuwarsu tana rawa a bango, har yanzu ban ga wanda ya fi shi a finafinan Robin Hood ba. Abin da ya sa ban sa shi a gaba ba shi ne matasanmu da yawa da sun ga matsattsen koren wando da hula mai gashin tsuntsu sai dariya ta kama su, su daina bin labarin. Akwai kuma katun ɗin Disney na 1973, inda Robin ya zama dila, Yarima John ya zama zaki mai tsotsar yatsa. Yara za su so shi, kai kuma za ka samu damar gyangyaɗi.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Na Ridley Scott na 2010 da Russell Crowe da Cate Blanchett an kashe masa kuɗi, amma minti 140 za ka yi kana jiran Robin ya zama ɗan tawayen daji, yana zama sai fim ya ƙare. Na 2018 da Taron Egerton, duk da Jamie Foxx ya fito a wani Musulmi mai suna Yahya, kibiya ake harbawa kamar bindiga mai sarrafa kanta, tufafin kamar na bikin nuna kaya, kuma ko kuɗin da aka kashe masa bai mayar ba. Men in Tights na Mel Brooks, 1993, shaƙiyanci ne da aka yi don tsokanar na Costner, wanda bai ga na Costner ba rabin dariyar za ta wuce shi. Robin and Marian na 1976, Sean Connery da Audrey Hepburn, labarin tsufa ne da mutuwa, mai kyau amma ba na ranar hutu ba.

Mai son dogon zango yana da zaɓi biyu. Robin of Sherwood na 1984 zuwa 1986 shi ne ya fara sa Balarabe, Nasir, cikin mutanen Robin, shekaru kafin Azeem, sai dai cike yake da bori da bautar wani dodon daji mai ƙahon barewa, wanda wannan bai yi masa ba ya sani tun yanzu. Na BBC na 2006 zuwa 2009 kashi 39 ne, ya fara da daɗi, zango na uku ya watse.

Zaɓen fim ɗin shi ne mai sauƙi. Samun na gaskiya a hannunka shi ne aiki. Tarkon farko yana cikin 1991 ɗin kanta: a shekarar an fitar da finafinan Robin Hood guda biyu. Ɗayan na John Irvin ne, Patrick Bergin da Uma Thurman, sunansa Robin Hood kawai. Ba mummunan fim ba ne, amma ba Azeem, ba Rickman. Idan ka ce "na 1991" aka tura maka wannan, mai shago bai yi ƙarya ba, kai ne ba ka ambaci Morgan Freeman ba. Tarko na biyu ƙananan finafinai ne da ake yi da ɗan kuɗi kaɗan a saki daidai lokacin da babban fim ke tashe, don a ci da sunansa. Robin Hood: The Rebellion ya fito a 2018, shekara ɗaya da na Egerton, ga kuma Ghosts of Sherwood na 2012. Masu kwafi sukan ɗora musu hoton babban jarumi a bango. Na uku Indiya ce. Akwai fim ɗin Malayalam na 2009 mai suna Robin Hood, na Prithviraj, labarin mai satar kuɗi a na'urar ATM, akwai Robinhood na Telugu na 2025 da Nithiin. A shagon da kashi mafi yawa na kayansa na Indiya ne, su za a fara miƙo maka.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yankakken fim. Wani mai shago ya taɓa tura mini na Costner, muka zauna da baƙi da daddare, ana tsakiyar shirin rataye mutanen Robin a dandalin Nottingham, ganguna na tashi, sai hoton ya tsaya cak, waya ta koma kan jerin fayil. Duk yaƙin ƙarshe babu, fitowar Sean Connery a matsayin Sarki Richard babu. Da na koma washegari ya ce shi ma haka ya same shi. Shi ya sa tsawon fim ya zama ma'aunina na farko, kafin kyan hoto, kafin komai. Kana tsaye a shagon ka buɗe fayil ɗin, ka duba lambar da ke ƙasa: na Costner ya kai awa biyu da minti 23, na Flynn awa ɗaya da minti 42, na Crowe awa biyu da minti 20. Bambancin 'yan mintuna ba komai ba ne, yakan faru wajen juya fim daga faifai, amma idan ka ga an rasa minti ashirin, a sake maka. Ka ja shi zuwa ƙarshe ka ga sunayen 'yan wasa suna hawa. Ka ja shi tsakiya, inda mutum biyu ke magana, ka duba ko baki da murya suna tafiya tare, domin sau da yawa farkon yana daidai, sai an yi nisa murya ta riga baki.

Ka duba nauyinsa ma. Fim na kusan awa biyu da rabi da aka matse shi ya koma mega ɗari biyu, a waya zai yi kamar ba laifi, amma a talabijin duk wuraren dare za su zama baƙin tabo, kuma na Costner da na Crowe duhu ya yi musu yawa. Faifan nan mai finafinai goma a ciki ɗaya ma haka yake, galibi na ƙarshen ne ake yankewa don ya shiga.

Fassarar Hausa kuma sai an yi hattara. Akwai masu yin ta da gaskiya, akwai wanda bai ji abin da aka faɗa ba sai ya cike gurbin da barkwancinsa, ya danne kiɗan fim ɗin da tallan shagonsa. Na ji wata da aka mai da Azeem bawan Robin, alhali a fim ɗin shi da kansa ya zaɓi biyo shi don cika alkawari, kuma ba ya karɓar umarninsa. Ka nemi a kunna maka wurin sallar nan ka saurara, daga nan za ka gane ko mai fassarar ya fahimci labarin.

A intanet, shafin da ya ce sai ka sauke wata manhaja kafin ka ga fim, ko ka sa lambar katin banki "don tabbatarwa", ka rufe shi. Fayil ɗin fim ba ya ƙarewa da .apk ko .exe. Haka masu tallar Telegram da Facebook da ke cewa ka turo kuɗi su ba ka "cikakken da ba a yanke ba". Cikakken na Costner yana nan da gaske, minti 155 ne, an fitar da shi a DVD a 2003, kuma ƙarin da ke ciki yawanci na Rickman ne, har da inda aka bayyana cewa mayyar nan ita ce mahaifiyar hakimi. Duk wanda ya ce yana da shi, ka ce ya nuna maka lambar mintunan kafin ka tura ko sisi.