Hattara da masu tallar Porsche mai batir a WhatsApp

Jama'ar Maradi, musamman alhazan kasuwa da dillalan motoci da samarin da ke tura wa iyayen gidansu hotuna, a kula da wata talla da ke yawo a WhatsApp da Facebook da TikTok. Hoton sabuwar Porsche 911 ake sakawa, samfurin da ke haɗa fetur da lantarki. Za a ce tana tashar jirgin ruwa ta Lome, mai ita ya rasu magada na son kuɗi da gaggawa, ko kuma duwan ta riƙe ta za a yi gwanjonta. Farashin da ake faɗi bai wuce sefa miliyan 35 zuwa 40 ba, amma wai sai an ba da kafin alƙalami yau-yau, domin wani Alhaji daga Kano yana kan hanya. Kada kowa ya tura ko dala.

A fara da lissafi. Kamfanin Porsche ya fito da 911 Carrera GTS mai tsarin T-Hybrid a watan Mayun 2024, farashinta a Jamus ya fara daga Yuro 170,600. Sefa a ɗaure take da Yuro, kowane Yuro ɗaya kusan sefa 656, ke nan motar ta kusa miliyan 112 tun ba ta hau jirgi ba. In ɗan damfarar mai wayo ne zai ce ai an cire harajin Jamus tunda fitar da ita aka yi. To a cire harajin na kashi 19 cikin ɗari, har yanzu tana wajen miliyan 94, ban da kuɗin jirgi da inshora da duwan. Babbar yayarta, 911 Turbo S da aka nuna a Munich a watan Satumban 2025, daga Yuro 271,000 ta fara, wato kusan miliyan 178. Mai irin wannan mota a hannu ba shi da dalilin bin guruf ɗin WhatsApp yana neman wanda zai ba shi sulusin kuɗinta. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Abin da masu wannan talla suka dogara da shi guda ɗaya ne: mai saye ya ji an ce mota mai batir, amma bai san yadda aka ƙera ta ba. Su ma ba su sani ba, kuma ta nan ake kama su. Za ka ji saƙon murya: “Ranka ya daɗe Alhaji, wannan ba ta shan mai, ka jona ta da dare ka yi yawon gari da lantarki kawai, caja ma za mu haɗa maka a miliyan ɗaya da rabi.” Duk ƙarya ce. Wannan 911 ɗin ba ta da wurin jona caja sam. Batirinta ƙarami ne, 1.9 kWh, nauyinsa wajen kilo 27, yana gaba ƙarƙashin bonet, kuma motar da kanta take cika shi idan tana tafiya ko ana taka birki. Ba ta tafiya da lantarki zalla. Aikin lantarkin shi ne ƙara wa injin ƙarfi: akwai injin lantarki guda a cikin akwatin giya mai hawa takwas, akwai wani ƙarami a cikin turbo wanda ke juya shi tun hayaƙi bai taru ba. Su biyun da injin fetur mai lita 3.6 da silinda shida ke ba GTS ƙarfin doki 541, Turbo S kuma mai turbo biyu 711. Mai kuwa tana sha sosai, kuma mai kyau take so, mai lamba 98, ba na kwalba a bakin titi ba. Motocin da ake jonawa su ne irin Cayenne da Panamera E-Hybrid, ko Ferrari 296. Duk wanda ya yi maka tayin cajar 911, bai taɓa tsayawa kusa da ita ba.

Wani lokaci motar tana nan da gaske, sai dai ba ita ba ce. Ana ɗauko tsohon samfurin GTS na 2021 zuwa 2024, mai injin lita 3.0 da ƙarfin doki 480, wanda ba shi da alaƙa da lantarki, a manna masa sitika a ƙofa. Ido kaɗai ya isa ya raba su. Tsohuwar tana da agogon juyawar inji mai allura ta gaske a tsakiyar allon gaban direba, kuma murɗa wani maɓalli ake yi a hagun sitiyari a tashe ta. Sabuwar allonta duk na kwamfuta ne, babu allura, kuma danna maɓalli ake yi. Amma a nan akwai wani ramin: ƙaramar Carrera ta sabon samfurin ita ma tana da wannan allo da wannan maɓalli, alhali injinta lita 3.0 ne ba batir. Don haka a dubi bamban gaba. GTS mai batir tana da filafilai biyar a tsaye a kowane gefe, masu buɗewa da rufewa da kansu. In ka ga a kwance suke, ba ita ba ce.

Sai lambar shasi. Haruffa da lambobi 17 ne, babu I, babu O, babu Q a ciki. Ta 911 tana farawa da WP0. Idan ta fara da WP1, ta Cayenne ce ko Macan aka kwafo. Harafi na goma shi ne shekarar samfuri: R na 2024, S na 2025, T na 2026, kuma GTS mai batir daga S ta fara. Lambar tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana kuma jikin ginshiƙin ƙofa, dole su zo ɗaya da ta kan takardu. Kada a yarda da hoto ko bidiyon da aka turo, domin daga shafukan dillalan Jamus da Dubai ake sauke su. Saka hoton a Google Lens, manhajar neman asalin hoto, sau da yawa za ka tarar da motar a wani gari da ainihin farashinta. Abin da za ka nema shi ne kiran bidiyo kai tsaye: mai tallar ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda, ya ɗora kusa da lambar shasi, ya buɗe ƙofa, ya tashe ta kana gani. A daidai nan ne rezo ke lalacewa, ko a ce jami'an tasha sun hana ɗaukar hoto.

Ba sa neman kuɗin gaba ɗaya, a hankali suke tatsa. Kafin alƙalami miliyan biyu ko uku. Bayan kwana biyu kuɗin ajiya na tasha. Sai kuɗin taransite, wato mai fito da kaya daga tasha. Sai wata “takardar izinin batir” da aka ƙirƙira da tambari mai launi. Sai kuɗin rakiyar ayari. Wannan na ƙarshen yana shiga kunne ne saboda kowa ya san tun da aka rufe iyakar Gaya da Malanville a 2023 kaya da yawa suka koma bin hanyar Lome ta Burkina Faso, kuma ana daɗewa ana jiran ayari. Jinkirin gaske ne, su kuma sun mai da shi mafaka: wata biyu suna cewa mota na hanya, mutum yana ƙara turawa don kada na baya ya salwanta. A lura da yadda ake karɓar kuɗin. Kullum ta Nita ko Amana ko Airtel Money, kowane karo da sunan mutum daban, a rarrabe ƙanana-ƙanana. Waɗannan kamfanoni aikinsu suke yi, amma babu dillalin ƙwarai da zai karɓi kuɗin motar miliyan ɗari da sunan ƙanin matarsa. Lambar waya mai farawa da +228 (Togo) ko +49 (Jamus) ma ba shaida ba ce, ana iya buɗe WhatsApp da ita mutum yana zaune a unguwarku.

Game da takardu, ka nemi takardar lodin jirgi, wadda taransite ke kira BL. A cikinta akwai sunan wanda aka aiko wa kayan, da lambar shasi, da lambar kwantena mai haruffa huɗu da lambobi bakwai. Ka shiga shafin kamfanin jirgin da hannunka, Maersk ne ko MSC ko CMA CGM, kada ka danna mahaɗin da suka turo, domin suna gina shafin bogi mai kama da na gaske. Ko lambar ta fito ma kada ka saki jiki, tana iya zama ta kwantenar shinkafar wani. Taransiten da kai ka zaɓa, ba wanda suka haɗa ka da shi ba, shi zai je ofishin kamfanin a Lome ya tabbatar. In sun ce kamfani ne su, su ba da lambar rajistar kasuwanci (RCCM) da ta haraji (NIF) da asusun banki mai sunan kamfanin. Gwanjon duwan kuwa a fili ake sanar da shi, a ofis ake biya a karɓi rasit.

Wadda ta fi haɗari ita ce motar gaske da ta yi hatsari ko ruwa ya shanye ta a Amurka, inshora ta sayar da ita a gwanjo, aka gyara fenti aka loda. Rahoton tarihin mota na kamfanin Carfax da kai ka saya da lambar shasi zai nuna in takardarta ta lalatacciyar mota ce. Idan tana gabanka, ɗaga kafet ka shinshina, ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka nemi layin laka, haska fitila a kan ƙarafan da kujera ke gudu a kai ka ga ko sun yi tsatsa. Dalilin tsananta wannan bincike shi ne a wannan mota komai ya rataya ne ga tsarin lantarki mai bolt 400. Ba ta da sitata irin wadda muka saba, injin lantarkin da ke cikin akwatin giya shi ke tashe ta, shi ke kuma ba da caji. Na'urar sanyi ma da lantarkin take aiki, ba da bel ba. In batirin ya mutu, mota ta zama kayan kallo a ƙofar gida. Batirin litiyam da ruwan gishiri ya shiga kuma yana iya kamawa da wuta bayan kwanaki, mota na ajiye. Wayoyi masu launin ruwan lemo ba a taɓa su da hannu ko sufana, suna kisa. Kafin ka yi ciniki, tambayi bakanikenka ko yana da kwamfutar binciken Porsche da ake kira PIWIS da horon aiki da babban lantarki. In babu, ko lafiyayya ce motar, ranar da ta yi tari sai dai a ɗora ta a kan babbar mota. Balle ma a yi maganar yadda cikinta ke kusa da ƙasa, ga yashin lungunanmu da tudun rage gudu.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ya daina turawa yanzu, ko me za su ce masa. Ya koma wurin da ya yi aiken da rasit ɗinsa, in ba a riga an cire ba ana iya tsayar da shi. Kada ya goge komai: saƙonnin murya, hotuna, lambobin waya, sunayen da aka karɓi kuɗi da su. Ya kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarma ko mai gabatar da ƙara na kotun Maradi, domin Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet tun 2019. Ya kuma shirya wa kira na biyu. Bayan ƴan makonni wani zai bugo ya ce shi jami'in Interpol ne ko lauya a Lome, an kama ɓarayin, a turo kuɗin buɗe fayil a maido masa da dukiyarsa. Mutanen farko ne da sabon layi.